Ƙafar gaban Mustang ta 1967: kafin ka bari a yanka maka mota

Tambaya: Ina zaune a Houston, jihar Texas ta Amurka. Na sayi Ford Mustang ƙirar 1967 mai injin 289. Inji lafiya lau, amma a babbar hanya sai motar ta riƙa yawo, ina ta gyara sitiyari. A kwana kuwa sai ta kwanta gefe guda, tayoyin gaba suna ƙara, kan motar yana neman wucewa a miƙe. Wani gareji ya ce in ba su su yanke ƙafar gaban gaba ɗaya su sa ta zamani, kuɗin ya kai dubban daloli. Yawon gari da ɗan bulaguro nake yi da ita, ba tsere ba. Me ya kamata in yi?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Malam, Allah ya sanya alheri a motar. Kada ka bari a kai mata abin yanka tukuna. Duk abin da ka lissafa yana da magani a jikin ƙafar da Ford ta ƙera ta da ita, in an sabunta abin da ya ci, aka kuma sauya mata tsayuwa kaɗan. Yanka kuwa ba a mayar da shi baya, kuma motar 1967 da ba a taɓa wa ƙarfe ba ta fi wadda aka yanka daraja a wurin masu neman irinta.

Sai ka fara sanin abin da ke ƙarƙashinka. Lokacin da Mustang ta fito a watan Afrilun 1964, Ford ba ta zana mata sabuwar ƙafa ba. Ta ɗauko ta Falcon ce, ƙaramar motar iyali mai araha da ta fito a 1960. Kowace taya tana riƙe da hannu biyu, na sama gajere, na ƙasa dogo. Sifirin da shoka suna zaune a kan hannun sama, cikin wata hasumiyar ƙarfe da za ka gani hagu da dama in ka buɗe bonet. Hannun ƙasa kuma siriri ne mai maƙali guda, don haka aka ba shi wata sanda da ta miƙe gaba ta kama jikin mota, ita ke hana taya komawa baya in an taka birki. An zana wannan duka don tayar wancan zamani, siririya mai zaren gicciye, wadda ba ta kama ƙasa sosai. An kuma zana shi da gangan yadda in direba ya shiga kwana da gudu, gaba ne zai fara sulɓewa, don a ganin kamfani hakan ya fi sauƙin ceto ga direban da bai ƙware ba. Yau ka sa mata tayar radiyal mai faɗi, mai kama kwalta, kan tsarin da ba a yi dominta ba. Daga nan rabin damuwarka ta taso. Ɗaya rabin kuwa shekaru ne, roba da ƙarfe sun haura hamsin suna aiki.

Kafin ka sayi ko noti ɗaya, a ɗaga motar a duba jikinta. Mustang ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da komai, don haka tsatsa a wurin da ƙafa ke kamawa ta fi kowace matsala girma. A duba ƙarƙashin mazaunin batir, inda ruwan batir ke cin ƙarfe. A duba gindin hasumiyoyin nan biyu, musamman kewayen ramukan da hannun sama ke ɗaure, don suna tsagewa a wurin. A duba dogayen ƙarafan da suka bi ƙarƙashin inji zuwa daɓen mota, da inda sandar nan ta gaba ke kamawa, da inda akwatin sitiyari ya zauna. In an sami tsaga ko ruɓa, walda ce aikin farko. Sabon hannu a jikin hasumiyar da ke motsi asarar kuɗi ne.

Daga nan sai kayan da suka ci: boljoyin na sama da na ƙasa, tayarod na ciki da na waje, bushin ɗin hannuwa, da mazaunin sifirin da ke kan hannun sama. Akwai kuma hannun da ke ɗaya gefen akwatin sitiyari, wanda ke tallafe sandar tsakiya. Mutane kan manta da shi, alhali in bushinsa ya mutu tayar dama sai ta riƙa yin gaban kanta, kuma yana cikin manyan masu jawo yawon da kake ji a babbar hanya. Ka duba shekarun tayoyinka ma. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin rubutun da ya fara da harufan DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Irin waɗannan motoci sun fi zama a gareji fiye da tafiya, sai ka ga taya da zanenta cif amma robar ta bushe ta ƙandare. Wadda ta doshi shekara goma ka cire ta ko da ba ta ci ba.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka fahimta da kyau, don shi ne zuciyar maganar. In mota ta shiga kwana, nauyinta yana komawa kan tayar waje, sifirin wancan gefen ya matse, taya ta hau sama cikin bodi. Abin da ake so a wannan lokacin shi ne saman tayar ya karkato ciki, wajen inji, don fuskarta ta zauna daram a kan kwalta duk da bodin ya kwanta. A Mustang ta asali akasin haka ke faruwa. An ɗaure gindin hannun sama a wuri mai tsayi a jikin hasumiya, sai hannun ya gangaro zuwa wajen taya. In taya ta hau, hannun ya miƙe, ya tura saman tayar waje. Ga bodi ya kwanta waje, ga hannu ya ƙara tura ta waje, sai motar ta koma tafiya a kan bakin tayar kawai. Ƙarar da kake ji ke nan, shi ne kuma dalilin da kan motar ke neman wucewa a miƙe. In ka duba tayoyin gabanka, ina kyautata zaton bakinsu na waje ya fi na ciki cinyewa.

Maganin ya fito daga cikin Ford ɗin kanta. Wani injiniyanta mai suna Klaus Arning ya lissafa cewa in aka sauko da maƙalin hannun sama da inci ɗaya, wato milimita 25 da ɗoriya, tafiyar tayar za ta juya: in ta hau sai samanta ya shigo ciki. Carroll Shelby, mai haɗa motocin tsere, ya yi amfani da wannan a Mustang ɗinsa mai suna GT350 ta 1965, motar da ta ci gasar ajinta a tseren SCCA, wata ƙungiyar tseren motoci ta Amurka, a 1965, 1966 da 1967, shi ya sa har yau masu sana'ar ke jingina gyaran da sunansa ko da na Arning. Aikin kansa ramuka huɗu ne, biyu a kowace hasumiya, ƙasa da na asali. A ƙirar 1967 zuwa 1970 inci ɗaya ake sauka. A ta 1965 da 1966 ana ƙara matsawa baya da kashi ɗaya cikin takwas na inci, kuma tazarar ramukansu ma daban ce, don haka ka tabbata farantin awon da za ka saya na shekarar motarka ne. Farantin nan ƙarfe ne mai araha, ana ɗaure shi a tsofaffin ramuka ya nuna inda za a huda. A fara da ƙaramin baki, a bi da babba, a riƙe injin huda a miƙe. Bayan gyaran, gaban motar zai ɗan sauka kaɗan, kwanciyar bodi a kwana za ta ragu, sitiyari kuma zai fara jin magana tun farkon juyawa. Tsofaffin ramukan suna nan, ranar da ka so mayar da ita yadda take sai ka mayar.

Kada wani ya ce maka tunda inci ɗaya ya yi kyau, biyu zai fi. Da hannun asali, in ka wuce inci ɗaya boljoyin na sama zai kai ƙarshen juyawarsa ya cije, kuma boljoyin da ke cijewa karyewa yake yi, taya ta kwanta kana cikin tafiya. Masu sauka fiye da haka suna sa hannun da aka gyara wa kusurwar boljoyin ne, ko su sa masa wani ƙarfe mai gangara a ƙarƙashi. Don irin tafiyarka, inci ɗaya ya wadatar.

Sai gargaɗi kan sifirin, tunda sai an cire shi kafin a taɓa hannun sama. Sifirin gaban Mustang yana matse da ƙarfin da zai iya kashe mutum. Abin matsewa na ciki ake amfani da shi, wanda ake zurawa ta saman hasumiya bayan an cire shoka. Irin masu ƙugiya ta waje da ake yi wa ƙananan motoci aiki da su ba su dace da nan ba. In ba ka taɓa yi ba, ka biya bakanike ya yi wannan ɓangaren.

Bayan huda dole a sake alaimen, kuma a nan ne gareji da yawa ke ɓata aikin. Kwamfutarsu tana ɗauke da lambobin littafin Ford na 1967, waɗanda aka rubuta don tsohuwar taya: saman taya ya ɗan karkata waje, kasta kuma kusan sifili. Kasta ita ce jinginar layin da taya ke juyawa a kansa. Dubi ƙahon keke, ai ba a tsaye yake cak ba, ya jingina baya, shi ya sa mai keke zai saki hannu keken ya ci gaba da tafiya a miƙe. Ford ta rage wannan jingina don sitiyari ya yi sauƙin murɗawa da hannu, kuma tsohuwar taya takan ɗan ja baya da kanta in ana gudu ta cike giɓin. Radiyal ba ta yin haka sosai, sai mota ta rasa abin da ke dawo da ita tsakiya, ta yi ta yawo. Ka rubuta lambobinka a takarda ka miƙa musu. Kasta digiri 2 zuwa 3 na jingina baya in sitiyarinka na hannu ne, 3 zuwa 4 in mai fawa ne, kuma ɓangarorin biyu su yi kusa da juna. Kamba, wato karkatar saman taya ciki ko waje, daga sifili zuwa rabin digiri, saman taya na kallon ciki. Bakin tayoyin biyu kuma ya tsuke ciki da kamar kashi ɗaya cikin takwas na inci gaba ɗaya. In gareji ya ce shi abin da kwamfuta ta faɗa kawai yake bi, ka nemi wani.

A motarka ana daidaita kasta ta hanyar gajarta sandar nan ta gaba, wadda ke jawo gindin taya gaba. In aka ja ta da yawa taya za ta fara gugar gaban fenda a juyawa, don haka gwanin bakanike yakan raba aikin: ya ɗan ja sanda, ya kuma sa 'yan wasa siraran ƙarfe a notin gaba na hannun sama don saman ya koma baya. Kamba kuwa da wani noti mai karkataccen wasa ake juya ta a gindin hannun ƙasa, kuma notin nan yakan goce in mota ta faɗa rami. Akwai farantai masu ramuka da ake sawa a madadinsa su kulle shi, suna da araha kuma sun cancanta.

Tunda na ambaci sandar gaba, ga wani kuskure da ya yi yawa. Ana sayar da bushin roba mai tauri, mai launin ja ko baƙi, ana cewa a sa shi ko'ina. A wasu wurare yana da amfani, amma ban da kan wannan sanda. Ita tana bukatar ta yi sama da ƙasa tare da hannu. In bushin ya ƙi ba ta hanya, ita ce za ta riƙa lanƙwasa a wurin zarenta har ta gaji ta karye, kuma ta fi karyewa lokacin taka birki. Ko dai ka sa roba mai kyau irin ta asali, ko ka sayi sanda mai gaɓar ƙarfe mai juyawa. Ta biyun ta fi riƙe taya, sai dai tana ɗan shigo da ƙarar hanya cikin mota.

Hasumiyoyin nan biyu kuma suna lanƙwasowa ciki da shekaru, saboda duk nauyin gaba a kansu yake. Ƙarfe biyu ke maganin wannan, kuma duka GT350 ta zo da su. Ɗaya ƙarfe ne guda mai siffar V da ke haɗa kan hasumiyoyin da bangon da ke bayan inji, wanda Ford ke sa wa motocin da za ta fitar ƙasashen waje. Ɗayan kuwa miƙaƙƙiyar sanda ce daga gefe zuwa gefe a gaban hasumiyoyi, wadda ake kira da sunan Monte Carlo saboda Falcon ɗin da suka yi tseren can a farkon shekarun 1960. In ka zo sawa ka ga ramuka ba su hau ba, to hasumiyoyin sun riga sun matso. A ɗaga motar tayoyi su yi lilo, a buɗa su a hankali da jak, kada a faɗaɗa rami don ya shiga.

Sitabilaiza, wato sandar da ta haɗa ƙafar hagu da ta dama, ita ce ta biyu a yawan amfani bayan saukar da hannu. Taurinta yana bin kaurinta ne in aka ninka shi da kansa sau huɗu, don haka ɗan ƙari yana yin aiki mai yawa: sanda mai inci ɗaya ta fi mai kashi biyar cikin takwas na inci tauri fiye da sau shida. Inci ɗaya ya dace da injin 289. Kada ka yi gaggawar sa wata a baya, don bayan Mustang ba shi da nauyi, kuma in ya yi tauri shi zai fara zamewa, musamman a ruwan sama irin na Houston.

A kan sifirin ina da ra'ayi mai ƙarfi. Kasuwa ta cika da masu lamba 620, ana tallarsu a matsayin na ƙwararru. A filin tsere mai santsi suna da wurinsu. A titin gari mai faci da gaɓoɓin siminti, a ƙarƙashin ƙaramin inji, sukan sa gaba ya riƙa tsalle, kuma tayar da ke sama ba ta riƙe komai. Wanda ya fi su laushi, mai lambar tauri tsakanin 480 da 550, mai saukar da mota kamar inci ɗaya, ya fi dacewa da kai. Kuɗin da ka rage ka zuba shi a shoka mai kyau, irin Koni, wadda Shelby ya sa a tasa, ko Bilstein. Ka kuma sauya mazaunin sifirin da mai boris a ciki, don na roba yana cijewa ya hana ƙafa jin ƙananan gargada. Kada a saukar da motar har hannun ƙasa ya daina kwanciya daidai da ƙasa. In ya fara kallon sama ta wajen taya, tayarod da hannu za su riƙa bin hanya daban, mota ta riƙa juya kanta duk lokacin da ta hau tudu. Duk notin da ke ratsa bushin roba kuma, sai mota ta sauka a kan tayoyinta ake ɗaure shi na ƙarshe. In an ɗaure tana sama, robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri.

Akwatin sitiyari yana da noti a kansa na rage wasa, kuma hannu yana ƙaiƙayin a ɗaure shi tam. Yin haka yana cinye haƙoran ciki. In wasan bai tafi da ɗan gyara ba, a sake gina akwatin. In motarka mai fawa ce irin ta asali, mai silinda da bawul a ƙarƙashi da tiyo huɗu masu yawan yoyo, akwai akwatin Borgeson mai fawa a cikinsa wanda ke zama a wurin tsohon ba tare da yanka bodi ba. Birki kuwa, in na ganga ne a gaba, ka mayar da shi na faifai tun ƙafar tana kwance. Ford da kanta ta sayar da na Kelsey-Hayes mai fistin huɗu a 1965 zuwa 1967, kuma ana ƙera irinsa sabo, yana hawa ba tare da ya ɓata lissafin sitiyari ba. Ka yi sa'a ƙirar 1967 ta zo da tukunyar man birki mai gida biyu, masu ta 1965 da 1966 su sai sun sauya. Taya kuma 225 a kan rim inci 15 ko 16 mai faɗin inci 7 ta isa, sai a gwada a tabbata ba ta taɓa boljoyin na sama ko bakin fenda.

Ba na cewa kayan zamani ba su da amfani. Wanda zai sa babban injin da ba ya shiga tsakanin hasumiyoyi, dole ya nemi wuri. Ford ma da za ta sa injin Boss 429 a 1969 sai da ta kai motocin kamfanin Kar Kraft aka buɗa musu hasumiyoyi. Haka wanda tsatsa ta riga ta cinye masa gaba, ko mai zuwa filin tsere kowane wata. Amma ka sani yawancin kayan yankan nan an kwaikwayo su ne daga Mustang II ta 1974 zuwa 1978, ƙaramar mota, kuma suna ɗora nauyi a kan ƙarafan ƙasa kaɗai, alhali an gina motarka ne yadda nauyi zai bi hasumiya ya koma bangon bayan inji. In mai waldar bai ƙarfafa wurin ba, za ka biya dubban daloli ka sami gaba mai rauni fiye da na da. Ko kana son shoka mai sifirin a jikinta wadda ake daidaita tsayinta, akwai masu ɗauruwa da noti a hasumiyar asali.

Ga mai karatu da ke da wata mota daban, ciwon ɗaya ne. Camaro ta 1967 zuwa 1969 ma tana tura saman taya waje, kuma ana gyara ta da sauya ramukan hannun sama bisa awon wani ɗan tsere mai suna Dick Guldstrand, ko da dogon boljoyin na sama. Charger da sauran motocin Chrysler na lokacin kuwa sandar murɗawa gare su a maimakon sifirin, irin wadda kanikawanmu suka sani a gaban Hiace, kuma a can kaurin sandar ake ƙarawa.

Ka yi aikin zango biyu don ka san abin da kowane ya ƙara. Zangon farko: walda in akwai, kayan da suka ci, taya, saukar da hannu, shoka, sifirin da alaimen, tunda duk kwancewa ɗaya ce. Ka tuƙa ta na 'yan makonni, sannan ka ƙara sitabilaiza da ƙarafan hasumiya. A leƙa baya ma, don in ganyen sifirin baya ya kwanta ko bushinsa ya mutu, bayan motar zai riƙa tuƙa kansa, ka zaci laifin gaba ne. Sabon sifirin yana ɗan zama bayan tafiyar mil ɗari biyu ko uku, don haka a lokacin ka koma a sake ɗaure notocin hannun sama, a sake duba alaimen, kuma ka karɓi takardar awon ka ajiye a motar don bakaniken gaba ya san lambobin da aka bi.